Hawan Duwatsun Jos da Yara: Yadda Nake Shirya Gidana

Ranar da muka fara hawan duwatsun Shere, sai da ƙarfe sha ɗaya ta gota kafin mu ajiye mota a gindin dutse. Watan Agusta ne, tsakiyar dogon hutu. 'Yata ta biyu tana sanye da sabon kambas da aka ciro daga kwali da safen nan, ni kuma ina goye da auta, sannan ruwan da muka riƙo gora biyu ne kacal, mu bakwai har da ɗan ƙanwar maigida da ya yi mana rakiya. Abin da ya same mu zan kawo shi a gaba, domin kusan duk abin da na sani game da hawan dutse da iyali, a ranar na fara koyonsa. Shekara uku ke nan. Mun koma sau biyu bayan wannan, kuma yanzu da zarar an fara jarrabawar ƙarshen zango, yaran ne ke riga ni magana: "Umma, bana ma za mu Jos?"

Mu mutanen Zariya ne, ni da maigida da yara huɗu. Babban yana da shekara 14, mai bi masa mace ce 'yar 11, sai namiji ɗan 8, sai auta da ta cika 6 a bana. Mu ba masu hali ba ne, adashi nake zubawa tun farkon shekara saboda wannan tafiya. Na zauna rubuta wannan ne don iyayen da ke sha'awar fita da 'ya'yansu su ga dutse da sarari, amma suna ganin abin na Turawa ne ko na samarin da ba su ajiye iyali ba.

Jos muka zaɓa saboda kusa take, kuma gwaggon yaran tana aure a can, don haka masauki bai zame mana damuwa ba. Garin kansa a kan tudu yake, kimanin mita 1,200 sama da teku, alhali Zariya ba ta kai mita 700 ba. Duwatsun Shere suna gabas da gari, tafiyar kilomita 10 ko kusa da haka, kuma mafi tsayinsu ya kai wajen mita 1,829. Tsayin nan shi ne asalin sanyin Jos, domin duk mita dubu da mutum ya hau, zafin iska kan ragu da kamar digiri shida.

Kafin komai, ga abin da na fi so ku riƙe: da ƙafar ƙaraminku za ku auna tafiyar. Nisan da za a yi, lokacin tashi, inda za a huta, inda za a juya, duk shi ne ma'auni. Har yau ba mu taka ƙololuwa mafi tsayi a Shere ba, kuma ko sau ɗaya yaran ba su ce an rage musu wani abu ba.

Wane wata?

Hutun makaranta uku ne a shekara, kuma ba ɗaya suke ba a kan dutse. Na Agusta shi ya fi tsawo, shi ya fi jan hankali, domin lokacin Filato kore take shar, ruwa na gangarowa daga kowane tsagi. Amma tsakiyar damina ce. Ruwa kan sauko kusan kullum, galibi daga azahar zuwa yamma, wani lokaci har da ƙanƙara. Dutsen nan kuwa in ya jiƙe, musamman inda gansakuka ta kama, santsinsa kamar an goga sabulu. Ban ba wa mai ƙananan yara shawarar ya fara da Agusta ba.

Hutun Afrilu akwai zafin rana, kuma lokacin ne ruwan farko ke zuwa da iska da tsawa. Na Disamba shi na fi amincewa da shi ga masu farawa: dutse a bushe, ƙafa na kamawa, ba fargabar hadari. Kuɗinsa shi ne sanyi, don da asuba yakan sauka zuwa digiri 10 ko ƙasa da haka, sai kuma hazo da ke rufe nesa, ku hau ku rasa abin hange. Wanda ya samu dama a ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba, ko da hutun tsakiyar zango ne na kwana uku, to ya dace da mafi kyau. Ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta bushe ba, sama garau. Zuwanmu na uku a irin wannan lokaci ne.

A fara daga gida

Mako shida kafin tafiya, kowace Asabar bayan sallar asuba, muna zuwa Kufena da ke wajen Wusasa. Kanawa suna da Dala da Goron Dutse. Wanda garinsa shimfiɗe yake, ya nemi doguwar matakalar bene ko ya riƙa zagaya unguwa da sauri na minti arba'in. Ba don ƙarfin ƙafa kaɗai ake wannan ba. A nan za ki gane 'ya'yanki ta fuskar da zaman gida ba ya nunawa. A Kufena na gano ɗana na uku yana jin jiri in ya leƙa ƙasa, abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba saboda kada yayansa ya yi masa dariya. Tun daga nan nake sa shi ta ɓangaren jikin dutse, ni ina ta bakin gangare, kuma na hana kowa tsokanarsa. A can ne kuma na ga babban yana da garaje, in ba a ba shi aiki ba sai ya yi gaba ya bar mutane. Yanzu shi ke riƙe da jakar magani, kuma ya san mai jakar magani ba ya nisa da jama'a.

Fa'ida ta biyu ita ce takalmi ya saba da ƙafa. Kada a hau dutse da sabon takalmi, ko na nawa ne. Wajen 'yan gwanjo nake saye, kuma ba kyan sama nake dubawa ba, juya shi nake in ga ƙasansa: in ya side ya yi sumul, ko kyauta ne ban so. Mai kaushi da tsage-tsage masu zurfi ake nema. A je da yaron a gwada masa da safa mai kauri, da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a tabbata ɗan yatsa na shiga ta bayan diddige. Silifas da takalmin makaranta mai sulɓi da takalmin biki duk su zauna a masauki. Kwana biyu kafin tafiya a yanke wa kowa farcen ƙafa, domin a wajen saukowa yatsu kan yi ta dukan gaban takalmi, dogon farce kuwa har baƙi yake yi ya fita.

Batun sutura, bari in yi magana da 'yan'uwana mata kai tsaye. 'Yar'uwa, dogon hijabi har ƙasa ba na hawan dutse ba ne. Yana rufe miki inda za ki taka, iska tana cika shi ta ja ki, ƙaya tana kama shi. Zani da abaya ma haka, ba sa barin ƙafa ta buɗe. Wannan ba ya nufin ki zubar da suturarki. Ni wando mai faɗi nake sawa, da riga mai kauri da ta sauko ƙasan gwiwa, da hijabi iya ƙugu wanda na kama da fil, dogon kuma yana naɗe cikin jaka saboda salla. Haka nake yi wa 'yan matana. Maza su ma su ajiye jallabiya da doguwar riga. Saboda sanyi, riga bisa riga ta fi rigar sanyi guda mai nauyi, domin minti ashirin da fara hawa gumi zai keto, sai a cire ta sama a ɗaura a ƙugu, in an zauna hutu a mayar kafin gumin ya huce a jiki. Wanda bai zo da kayan sanyi ba, kasuwar Katako a Jos cike take da su, har da hula da safar hannu na yara.

Guzuri

Ruwa ne kan gaba. Don fita ta rabin yini ina lissafa lita biyu ga kowane babba, lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ga kowane yaro. A gora, ba ruwan leda ba, don leda tana fashewa a jaka kuma in an fasa dole a shanye. Kowane yaro ya goya nasa, amma kada jakarsa ta wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa. Sanyi yana ɓoye ƙishi, saboda haka ba na jira su ce suna ji, duk hutu sai kowa ya kurɓa. Ruwan ƙorama komai haskensa ba ma sha, shanu na sha a sama.

Abinci kuwa wanda ba ya lalacewa ba ya kuma dagargajewa: dabino, soyayyar gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai, lemu, da dafaffen dankalin turawa da ɗan gishiri, wanda a Jos ba ya tsada. Dambun nama yana da kyau in ba a cika yaji ba. Kilishi yana jawo ƙishi, fura da nono tana tsami kuma tana saukar da kasala, ayaba takan koma kunu a ƙasan jaka. Abin da ba na mantawa shi ne fulas na shayi mai citta. Sannan ina ɓoye alewa a aljihuna, ba na fito da ita sai inda hawa ya yi tsanani kuma fuska ta fara canzawa.

Jakar magani ƙarama ce: filasta, bandeji mai naɗewa saboda targaɗe, parasitamol, basilin ko man kaɗanya don leɓe da ƙafa, da ƙullin gishiri da sukari na kemis. In babu, ana haɗawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai ɗa mai asma ya ga likita tun a gida kuma abin shaƙarsa ya kasance a aljihu, domin iska mai sanyi tana tayar da ita. Sai tocila, ko da kun tabbata da rana za ku sauko, da waya cike da caji, da ƙaramar buta, da leda ta kwashe shararku. Kowane yaro na rataya masa usur a wuya. Ka'idarmu: in ka daina ganinmu, tsaya cak inda kake, ka busa sau uku, ka saurara, ka sake. Ba a busa shi don wasa.

Hanya da ɗan gari

Daga Zariya muna tashi bayan sallar asuba, mu bi ta Pambeguwa da Saminaka da Jingir, kafin azahar mun sauka. Ba ma tafiyar dare, zuwa ko dawowa, ko me ya taso. Ba zan ɓoye muku ba, Filato ta sha rikici a shekarun baya, kuma akwai lokutan da bai kamata baƙo ya fita bayan gari da iyali ba. Kafin ku kama hanya ku kira mazauna Jos ɗin, ba mutum ɗaya ba, ku tambayi yadda gari yake a makon nan da kuma yadda hanyar take. Ku kauce wa lokacin zaɓe. In sun ce ku dakata, ku dakata. Mun taɓa ɗage tafiya bayan an gama ɗaure kaya, yara suka yi kuka, muka koma bayan wata biyu lafiya lau.

Ranar da kuka isa ba ranar hawa ba ce. A huta, a yi barci da wuri. Da yake matafiya ne ku, akwai sauƙin ƙasaru in zaman ba zai kai kwana huɗu ba, sai ku tambayi malaminku yadda za ku yi tun kafin ku taso.

Da ɗan gari akan ci gari, kuma a kan dutse maganar nan ba ado ba ce. Hanyoyin Shere ba su da alama, duwatsun kuma kama suke da juna, wanda kuka wuce ɗazu sai ku rantse shi ne na gabanku. Akwai makarantar horar da matasa ta gwamnatin tarayya a wurin, wadda aka fi sani da Man O' War, kuma a cikin Jos akwai ƙungiyoyin matasa masu fita hawan dutse a ƙarshen mako. Amma mu ta hannun mijin gwaggon yara muka samu namu ɗan jagoran, wani dattijo daga cikin Afizere, waɗanda muke kira Jarawa, mutanen da ƙauyukansu ke kewaye da duwatsun. Ku daidaita ladansa tun a ƙasa, ku faɗa masa shekarun yaranku, ku ce masa hanyar yara kuke so ba ta samari ba. In kun ratsa ƙauye ku yi sallama ku gaisa, kada ku taka shuka, kada ku ɗauki hoton mutum sai da izininsa. In ya ce wancan kurmi ko wancan kogo ba a shiga, kada ku nemi dalili, wurin mutane ne.

A kan dutse

Ƙarfe bakwai na safe ƙafarmu tana kan hanya. Tun a mota muke yanke lokacin juyawa, mu namu goma da rabi ne, kuma ko saura taku ashirin a kai inda aka nufa, in lokacin ya yi an juya. Masu hawan dutse suna da wani tsohon lissafi: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Na manya ne masu ƙarfi. Da yara ku ninka shi biyu.

Jerinmu ba ya canzawa. Ɗan jagora a gaba, auta a bayansa, sai sauran yara, ni a tsakiya, maigida a ƙarshe. Ba mai wuce na gaba, ba mai zama bayan na baya. Da yake auta ce ta biyu, saurinta shi ne saurin kowa, ba sai an yi ta kiran wani ya jira ba.

A zuwanmu na biyu, da muka iso wani falalen dutse mai tsayi, babban ɗana ya nufe shi kai tsaye yana haki. Dattijon nan ya kira shi. "Yaro, zo nan. Ba ka ga yadda akuya take yi ba?" Sai ya nuna masa: a bi dutse a karkace, a yi dama a dawo hagu, taku gajere, tafin ƙafa gaba ɗaya a kan dutse ba kan yatsu ba. Tafiyar ta fi tsawo amma numfashi ba ya ƙarewa. Ma'aunin da ya ba mu shi ne hira: in ba za ka iya magana kana tafe ba, ka yi sauri da yawa. Da auta ta zauna a ƙasa ta ce ita ta gaji, na fara lallashinta ta tashi, sai ya ce, "Hajiya, bar ta. Dutsen nan tun kakanninmu yana nan, ba inda za shi." Muka zauna minti biyar, ta ci dabino uku, ita ta fara miƙewa.

Muna hutawa duk bayan minti ashirin ko talatin, gajeren hutu, kafin jiki ya yi sanyi. A kowane hutu ina tambayar ƙafa. Na koya musu cewa da zarar wuri ya fara zafi a diddige ko yatsa su faɗa, a cire takalmi a manna filasta tun bai zama bororo ba. Yaro ba ya faɗa da kansa, musamman mace mai kunya, sai an tambaya.

Abubuwa uku nake gargaɗinsu a kai kowace tafiya. Na ɗaya, ba a cusa hannu cikin tsagin dutse ko ƙarƙashinsa, ba a kuma ɗaga dutse don a ga abin da ke ƙasa, can ne mazaunin kunama da maciji. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A hana shi tafiya, a ɗauke shi, a nufi asibiti. Na biyu, ƙerana, wadda mutanen Filato ke shinge da ita. Yaro na ganinta zai so ya karya, farin ruwanta kuwa mai kama da madara yana ƙona fata, in ya shiga ido abin ba kyau, sai a yi ta wankewa da ruwa mai yawa a tafi asibiti. Na uku shi ya fi tayar mini da hankali: kududdufan da haƙar kuza ta bari. Tun farkon ƙarni na 20 ake haƙar kuza a ƙasar Jos, kuma ramukan sun cika da ruwa, ga su kwance lumui gwanin sha'awa. Bakinsu a tsaye yake, zurfinsu ba a gani, sun ci mutane da yawa. Ko wanke hannu ban yarda a je yi a bakinsu ba.

Yanzu bari in koma ranar farko. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi muna tsakiyar hawa, na ga gabas ta yi baƙi. Iska ta juya ta yi sanyi. Na ce wa maigida, "Malam, mu juya." Ya dubi sama ya dubi babban ɗansa da ke ta murna, ya ce, "Saura kaɗan fa, ga shi can." Muka ƙara minti goma sha biyar, kuma su ne suka cuce mu. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, da ƙanƙara tana dukan kan yara. Muka raɓe ƙarƙashin wani dutse da ya yi rumfa, tsawa na fashewa kamar a kanmu, auta na tsala kuka a bayana. Daga baya na san cewa irin wannan bakin kogo ma ba mafaka ba ce daga aradu. Da ruwa ya tsagaita muka fara saukowa a kan dutse mai santsi, hijabina ya jiƙe ya yi nauyi yana naɗe mini ƙafa, ga goyo ya sauya mini ma'aunin jiki, ga hannu ɗaya ina riƙe da ɗan shekara biyar. 'Yata tana ɗingishi ba ta ce komai ba. Sai a mota da na cire mata takalmi na ga safar ta manne da jini, bororo ya fashe a diddige biyun. Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa ba?" Ta ce, "Umma, na ga kina fama da auta." Ban yi barci ba daren nan.

Don haka ku riƙe: da kun ga hadari ya haɗu ko kun ji tsawa ko daga nesa ce, ku fara sauka a lokacin, ba bayan an ɗan ƙara ba. Tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa, kowane daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. In ƙirgenku bai kai talatin ba, tana kusa. A bar ƙololuwa da falalen dutse, a nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. Mai goyo kuma ta tsaya inda ake tafiya da ƙafa biyu, duk inda sai an dafa da hannu ba wurinta ba ne. Maigida da kansa yake duba agogo yanzu, kuma shi ke fara cewa a juya.

A zuwanmu na uku muka samu abin da ake zuwa nema. Goma saura muka kai wani faffaɗan dutse da dattijon ya zaɓa mana. Jos tana shimfiɗe a ƙasa, rufin kwano na ƙyalli, ruwan madatsu kamar an ajiye madubai, shirwa tana shawagi ƙasa da inda muke zaune. Na zuba shayi, tururi na tashi. Auta ta kama hannuna ta nuna wani tsagi ba tare da ta yi magana ba: rema ce, har uku, sun fito shan hantsi, ƙiɓa-ƙiɓa kamar zomaye marasa kunne. Mun fi minti goma ba wanda ya motsa. Ɗana mai jin jiri ya kwanta rub da ciki ya leƙa ƙasa da kansa, ya ce, "Abba, ina Zariya?" Uban ya nuna masa arewa maso yamma, ya faɗa masa cewa kogin Kaduna da suke tsallakawa in za mu gidan kawunsu daga tudun nan na Filato ya taso.

Saukowa ta fi hawa haɗari, kuma a nan ne hankalin kowa yake kwanciya. Ƙafa ta gaji, gwiwa na rawa, yara kuma suna ganin an gama sai gudu. Kafin a fara, kowa ya sake ɗaure igiyar takalminsa tamau. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, taku gajere, a kula da tsakuwar da ke kan dutse don ita ke kwashe ƙafa. Inda gangaren ya yi tsaye, a zauna a ja jiki da mazaunai, wando ya ƙare ya fi haƙori ya fita. Babba ya riga sauka ya tsaya a ƙasa, a miƙo masa yara ɗaya bayan ɗaya. Sanda tana taimakon gwiwa sosai, ni ba na sauka sai da ita. A rage ruwa da alewa saboda wannan rabin, kada a ƙarar a sama.

Washegari ba ma hawa komai. Cinyoyi za su yi tsami, ruwan ɗumi da man zafi ne maganinsu. Ranar muke zuwa gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yara su ga kawunan yumɓu na Nok. A gefensa akwai filin da aka gina kwaikwayon gine-ginen gargajiya, har da ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani. 'Ya'yana sun yi mamakin ganin masallacin garinsu a Jos. In da sauran kwana, duwatsun Riyom da suka hau kan juna suna kan hanyar Abuja, gaba kuma akwai magangarar ruwa ta Assop, amma a kalla daga inda aka ce a tsaya.

Ranar komawa muna biyawa ta kasuwar Farin Gada mu cika bayan mota da dankali da kabeji da karas na tsarabar maƙwabta, mu kama hanya tun hantsi bai yi ba. In mun isa gida, kafin a buɗe tsaraba, takalma nake fara tarawa. A kankare laka, a wanke, a shanya a inuwa, a cusa musu tsohuwar jarida, in duba na wa ya matse a sauka da shi ga na ƙasa. Kambas ɗin nan da ya yi wa 'yata rauni ya yi laushi tuni, ƙanenta ya hau dutse da shi sau ɗaya, yanzu yana saman sif cikin leda yana jiran ƙafar auta ta cika shi.